Kawu Yana Layin Kuskure

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa, sai dai Kawu ya riga mu isa. Ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Kwaciri. Ya gama shan koko, ya ce a miƙo masa hularsa zai fita ƙofar gida. Kafin a ɗauko hular ya tafi. Yayan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi tun ina ɗan shekara bakwai. Ni sana'ata saye da sayar da wayoyi na hannu a wajen Bata, kuma na saba in kalli kaya sau ɗaya in san matsayinsu. Amma abin da Kawu ya bar mana, yau kwana hamsin da wani abu ina juya shi, ban san sunan da zan ba shi ba.

Jama'a sun zo fiye da yadda muka zata. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun zo, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da su. 'Yan kasuwar Kwari sun zo saboda ni. Malaman makaranta sun zo saboda babban ɗansa, wanda shugaban wata makarantar sakandare ne. Sai kuma wasu magidanta da ba wanda ya san su a cikinmu. In ka tambayi ɗaya, "Malam, daga ina?" sai ya ce, "Ai ni fasinjansa ne." Baƙi suka riƙa kallon juna, don kowa ya san Kawu bai taɓa tuƙa ko keke ba.

Amininsa na Sabon Gari, wanda muke kira Papa tun muna yara, ya zo tun kafin a yi wa mamaci wanka. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma a Kano aka yanke masa cibi, kuma shi direban jirgi ne a zamaninsa. Da aka tashi sallar gawa ya koma gefe ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Bayan an dawo daga maƙabarta ya kama hannuna ya ce, "Shekara talatin ina tuƙi, shi yake zaɓa mini hanya. Yau ya zaɓi tasa, ko tuta bai ɗaga mini ba."

Ranar sadakar uku abin ya faru. Muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, liman ya ɗaga hannu, mu ma mun ɗaga. Sai murya ta fito daga zaure, tarau, har da 'yar dariyar nan tasa a ƙarshe:

"To fasinja, ka sauke akuya a Ringim, ba nan za ta ba. Ba komai. Zo mu ga wa ke Ringim."

Liman ya tsaya a tsakiyar addu'a, hannunsa a sama. Wani dattijo ya miƙe ya nufi titi ba takalmi. Wani ya riƙa maimaita a'uziyya. Daga cikin gida muka ji kwano ya faɗi. Papa ya fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, har sai da aka riƙe shi. Babban ɗan Kawu kuwa bai motsa ba. Ya dai kafa mini ido, don ya san daga inda abin ya fito.

Wata jikar Kawu ce, 'yar shekara takwas, ta ɗauki wayar uwarta ta shiga zaure ta buɗe wasan.

Dole in yi bayanin wasan nan, don ba kowa ya sani ba. 'Yata ta biyu ta karanci kwamfuta. Shekara biyu da suka wuce ta ce tana son ta haɗa wasa a waya wanda zai koya wa yara karatu da lissafi ta hanyar labari. Yaro na bin labarin, sai a zo inda ba za a ci gaba ba sai ya karanta wata kalma ko ya haɗa wasu lambobi. Wasan kuma yana lura da yaron, yana sauya tafiya daidai da shi. Na ba ta wayoyi daga shago, ta rarraba wa yaran dangi da na maƙwabta don gwaji. Ita ta yi zanen da haɗawa. Labarin da muryar na Kawu ne.

Kawu daga wajen Nguru ya zo Kano yana saurayi, ya sami aiki a tashar jirgi. Aikinsa sauya layi. Yana tsaye inda dogo ya rabu biyu, in jirgi ya taho ya ja ƙarfe, jirgin ya bi inda aka ce ya bi. Shi da Papa sun shafe rayuwarsu suna gardamar wa ya fi wani. Papa ya ce, "Ni ke da jirgi." Kawu ya ce, "Kai ɗan gaba ne kawai. Sitiyari gare ka? Nuna mini." Papa ya ce, "In ban taka ba fa?" Kawu ya ce, "In ka taka ban juya ba, sai ka kwana a Kaura Namoda kana tambayar hanyar gida." Sai su sha shayi a kofi ɗaya. Kawu na kai masa cinyar rago da Babbar Sallah, shi kuma yana aiko da shinkafa da kaji da Kirsimeti, kowanne yana cewa rabon ɗayan ya fi ƙanƙanta.

Da la'asar Kawu yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, yara su taru. Tsofaffin mata suka yi ta yi masa tsiya, wai namiji da tatsuniya, kuma da rana tsaka, yaran mutane za su ɓata a kasuwa. Sai ya ce, "Ni ban san tatsuniya ba. Tafiya muke yi. Waɗannan fasinjoji ne." Labari ɗaya gare shi tak: akuyar da ta hau jirgi daga Nguru za ta Kano neman ɗanta. Amma ban taɓa jin ya ba da shi iri ɗaya sau biyu ba. Yakan tsaya ya nuna yaro da haɓa ya ce, "Ga layi ya rabu. Tarago uku a gaba, huɗu a baya. Nawa ne? In ka faɗa mu wuce."

Ni na san daɗin abin fiye da kowa, don ni ne daƙiƙin gidan. Na kai shekara tara ban bambance harafin ba da harafin da a rubuce ba. Malaminmu ya ce kaina kamar dutsen niƙa, sai dai a ɗora masa, ba ya sha. Kawu bai je makarantar ya yi faɗa ba, bai kuma doke ni ba. Wata Asabar ya ja ni zuwa tasha inda aka ajiye taragogi, kowanne da haruffa ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ya ce akuya na cikin wanda ke da harafin ba. Na nuna mai harafin da. Na runtse ido ina jiran ranƙwashi. Sai na ji ya ce, "Af, ka buɗe taragon gafiya. Ita kuma ba ta barin mutum ya fita sai ya gaya mata ina cikinta ya kalla." Ya sa ni na zana cikin harafin da yatsa a kan ƙarfen, na ga ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma. Mun yi watanni muna zuwa. Sai da na girma na fara ciniki na gane abin da yake yi. Fuskata yake karantawa kamar yadda nake karanta fuskar mai saye. In ya ga na tsorata ya kawo abin dariya. In ya ga ina caca ne kawai ya tsayar da jirgi. Yakan ce, "Babu yaro daƙiƙi. Tasharsa ce ba a zo ba tukuna."

Da 'yata ta fara aikinta, ni na ce ta je ta nuna masa. Tsakaninsu wasan kaka da jika ne, yana ce mata matata, tana ce masa Tsoho. Ta miƙa masa waya, ya danna amsar da ba daidai ba da gangan. Wayar ta yi wani ƙara kamar an taka agwagwa, jan kuros na alamar kuskure ya cika fuskar wayar.

Ya ce, "Wa ya mutu?"

Ta ce, "Ba wanda ya mutu, Tsoho. Nuna maka ta yi ka faɗi."

"To na faɗi. Sai me?"

"Sai ka sake."

"In sake abin da ban gane ba? Ke in kika tambayi hanyar Sabon Gari da Hausa mutumin bai ji ba, sai ki ƙara ɗaga murya?"

Ta koma ta gyara. Ta sa in yaro ya faɗi sau biyu, wasan ya kawo masa tambaya mai sauƙi. Ta dawo tana taƙama. Wannan karon ba wasa a fuskarsa. Ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce, "Yanzu kuma kin raina shi. Yaro yana gane raini tun kafin ya iya magana. An taɓa rage wa jirgi nisa don yana tafiya a hankali? Kano tana nan inda take. Layi ake sauya masa, ba gari ake matso masa da shi ba."

Ta ce, "Tsoho, kai ko rediyo ba ka iya kamo tasha ba, za ka koya mini aikina?"

Ya ce, "Aikinki na ki. Yaran nawa ne."

Ta yi fushi na gaske. Mako biyu ba ta taka Kwaciri ba. Ni na shiga tsakani na rasa bayan wa zan bi, don ita na ga tana da ilimin, shi kuma na san abin da ya yi a kaina. Ƙarshe shi ya aiko: "A gaya wa matata in ta gama yajin ta dawo da injinta, na sayi alli."

Da ta je ta tarar ya zane simintin tsakar gida kaf da layukan dogo, tun daga bakin rijiya har ƙofar ɗakin girki. Inna, matarsa, tana tsallake su da tukunya a hannu tana mita. Ya nuna wa yarinyar cewa kuskure ba iri ɗaya ba ne. Akwai yaro mai gaggawa, wanda ya sani amma hannunsa ya riga kansa. Akwai matsoraci, wanda zai daɗe yana kallo sannan ya danna wanda ba ya nufi. Akwai ɗan caca. Akwai wanda ya gane abin a juye, kamar ni da haruffana. Kowanne da tashar da za a sauke shi, kowace tasha da wanda akuya za ta tarar a can: mai sayar da rake, tsohuwa mai kaji, makaho mai ƙirga taragogi da kunne. A can za a sake koya masa abin ta wata fuska, sannan layin ya zagayo ya haɗe da babban dogo ba tare da yaron ya ji an mayar da shi baya ba. Ita kuma ta gano yadda waya za ta bambance su: daɗewar yaro kafin ya danna, da irin amsar da ya zaɓa, da sau nawa ya yi irinta. Ta ɗauki hoton tsakar gidan kafin Inna ta wanke.

Daga nan suka fara naɗar murya, kowace Asabar da safe, a ƙuryar ɗakinsa, an jingina katifa a taga saboda ƙarar a-daidaita-sahu. A nan ya kafe a kan abu ɗaya. Ya ce sai an gama naɗar layukan kuskure duka kafin a taɓa na daidai. Ta ce ba haka ake yi ba, babban labari ake fara ginawa. Ya ce, "Wanda ya san hanya ba ya bukatar ɗan rakiya. Su jira." Ta haƙura. Sun gama na kuskure wata ɗaya kafin rasuwarsa, tari ya hana shi ci gaba. Don haka wasan ya tsaya a haka: in yaro ya ci, akuya ta wuce shiru, sai rubutu a ƙasa. In ya faɗi, Kawu ya yi magana.

Ranar sadakar bakwai, bayan jama'a sun watse, babban ɗansa ya kira ni gefe. Ni da shi taubasai ne. Tun muna yara kowa na cewa ɗayan bawansa ne, yana ce mini Dillali, ina ce masa Hedimasta tun kafin ya zama. Na zata zai fara da tsiya kamar kullum, har na shirya amsa.

Ya ce, "Abu ɗaya nake so. A goge."

Na ce, "Hedimasta, bari ƙasa ta bushe mana."

Ya ce, "Ba wasa nake ba. Ka ga abin da ya faru. Ubana ba abin wasan yara ba ne, da za a riƙa danna shi yana magana. A bar shi ya kwanta. 'Yarka maganarka za ta ji, shi ya sa na zo wurinka."

Hakkinsa ne, shi ne babba. Na ce ya ba ni zuwa arba'in. Ya ce ya ba ni.

Da na gaya wa 'yata ta yi kuka, sannan ta ce tana da mafita. Akwai wata manhaja da ke koyon muryar mutum, in ta ji isasshe sai ta faɗi duk abin da aka rubuta mata da muryarsa. Ta ce da ita za a ƙarasa layukan daidai, wasan ya cika, in Hedimasta ya ga cikakken aiki zai sauko. Har ta gwada. Ta kunna mini, na ji Kawu na cewa, "Madalla, ka ci." Muryarsa ce, ba makawa. Amma Kawu bai taɓa cewa yaro madalla ba tare da ya haɗa da tsokana ba, kuma ba numfashin nan da yake ja kafin dogon zance. Na ce ta kashe. A sana'ata in an canza wa waya fuska ina gaya wa mai saye, ko da ba zai taɓa ganewa ba. Ba zan sa wa mamaci magana a baki ba.

Ta ce, "To Abba, wadda ya faɗa da bakinsa fa? Ita ma ai na'ura ce ke maimaitawa. Meye bambancin?"

Na san akwai bambanci, kamar yadda nake sanin waya 'yar gyara tun kafin in buɗe bayanta. Amma in faɗe shi, na kasa.

Bayan kamar mako biyu ta zo shago da kwamfutarta a buɗe, ko zama ba ta yi ba. Wayoyin gwajin suna aiko mata da yadda kowane yaro ke tafiya. Ta ce, "Abba, yaran Kwaciri duk sun zama daƙiƙai." Yaran da suka wuce haɗa lambobi tun bara, yanzu biyu da biyu na kayar da su. Ta bincika ko wani abu ya lalace, ba ta sami komai ba. Na ce ko baƙin ciki ne. Ta ce baƙin ciki ba ya sa yaro ya faɗi sau goma a jere ba tare da ya ci ko da bisa kuskure ba.

Na rufe shago muka tafi. Muka sami jikar nan da ta tarwatsa sadakar uku a zaure da waya. Na tsaya a kanta. Aka rubuta mata kalmar rago, aka nuna hoton rago da na raƙumi da na rariya. Yarinyar da ke karanta wa Inna takardar magani. Ta kai yatsa kan rago, ta janye, ta danna rariya, ta kai wayar kunnenta tana murmushi.

Na ce, "Ke, ba ki san rago ba?"

Ta dube ni kamar ni ne yaron. Ta ce, "In na ci ba ya magana."

A hanyar dawowa, da muka kusa Bata, 'yata ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ƙila Hedimasta ya yi gaskiya. Na yi wasa don yara su koya, ga shi yana koya musu faɗuwa." Yanzu masu cewa a goge sun zama ɗaya da rabi, ni kuma ban san ko ni ne ragowar rabin ba.

Na je wurin Papa a Sabon Gari na zayyana masa. Ya saurara yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Yarinyar ta taɓa danna rago bisa kuskure?" Na ce ko sau ɗaya. Ya ce, "To ta san rago. Kafin ka kauce wa layi kullum, sai ka san inda yake. Tsohon nan ya mutu bai daina juya mu ba." Na ce to a bari ko a goge? Ya ce, "Ni direba ne. Ba ni ke zaɓar hanya ba." Ya ƙara mini ruɗani ya ba ni lemo.

Sai na je wurin Inna. Tana cikin takaba, na zauna daga bakin ƙofa. Na ce mata ga abin da ake ciki. Ta ce, "Shekara hamsin ina ce masa ya yi shiru bai yi ba, ku ne za ku iya?" Ta yi dariya kaɗan, sannan ta ce ita dai kada a kunna inda za ta ji, ba yanzu ba. Na miƙe zan tafi, ta ce in zauna.

Ta ce, "Kai ka sha tabarmar nan. Ka taɓa ganin wancan a kanta?"

Wancan take ce wa Hedimasta, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Na tuna baya. Ban taɓa ganinsa ba. Kawu mutumin da ne, kunyar ɗan fari ta kama shi da ƙarfi. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci da shi ba, in ya shigo ana dariya sai Kawu ya haɗe fuska ya aike shi sayo goro. Ya biya masa karatu har inda karatu ya ƙare, amma ko kansa bai taɓa shafawa a gaban mutane ba. Ni ɗan ƙanwa aka ja zuwa tasha. Na girma a gidan, ban taɓa lura ba, don haka kowa ke yi. Ni ma ga nawa ɗan farin, in zan kira shi sai in ce kai.

Inna ta ce, "A bayan ƙyaure yake tsayawa, da goron a hannu. Kuma shi bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, balle a ce za a zauna da shi." Ta gyara mayafinta ta ce, "Ni ban ce komai ba."

Saura kwana uku arba'in na aika masa ya zo shago bayan la'asar. Ya zo da rigar aiki, jan biro a aljihu.

Ya ce, "Dillali, ka yanke?"

Na ce, "A wurinmu ba a zubar da kaya sai mai kaya ya duba. Duba, in ka ce a goge, yau za a goge." Na miƙa masa waya.

Ya karɓa kamar an ba shi ƙazamin tsumma. Ya gyara tabarau ya fara. Tambaya na zuwa yana dannawa, akuya na wuce tasha bayan tasha, shiru. Kafin mai shayin da ke gefe ya gama haɗa mana, akuya ta iso Kano ta sami ɗanta. Ya miƙo mini.

Ya ce, "Ina muryar? Kun riga kun cire?"

Na ce, "Tana nan. Ba ka faɗi ba ne."

"Ban gane ba."

"Sai wanda ya yi kuskure yake yi wa magana."

Ya ce, "Wannan wane irin shirme ne?" Amma ya janye hannunsa da wayar. Ya koma farko. Aka ce tarago uku a gaba, huɗu a baya. Ga bakwai, ga takwas, ga shida. Na ga yatsansa ya tsaya a sama. Ya kai kan takwas ya dawo. Ya sake kaiwa ya dawo. Mutumin da ya shekara talatin yana jan layi a ƙarƙashin kuskuren 'ya'yan mutane. Ya daɗe ƙwarai, har fuskar wayar ta fara dushewa, sannan ya danna.

Wasan ya ga ya daɗe, sai ya ɗauke shi matsoraci, ya kai shi tashar matsorata. Ni ban taɓa jin wannan layin ba. Kawu ya ja numfashin nan nasa, ya yi magana ƙasa-ƙasa:

"A'a, ɗana, kada ka ji tsoro. Ni na yi saurin juya layin, ba laifinka ba ne. Matso kusa. Zauna nan kusa da ni mu ƙirga tare."

Hayaniyar Bata na nan yadda take, masu hon na hon. Hedimasta bai ɗago ba. Ya cire tabarau ya riƙe. Na juya na shiga jera cajojin da tun safe a jere suke. Da na waiwayo ya sa wayar a aljihu, kusa da jan biron. Ya miƙe ya fita, shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Ban ce masa ta shago ce ba.

An yi arba'in. Mun zauna tabarma ɗaya, ya ce mini bawa, na ce masa bawa, bai tayar da zancen ba. Bai ce a goge ba, bai ce a bari ba. Wasan yana nan rabi da murya rabi shiru, yaran na ci gaba da faɗuwa da gangan, 'yata ba ta san ko aikinta ya yi ko ya lalace ba, ni ma ban sani ba.

Shekaranjiya 'yata ta ce mini wayar da ke hannun Hedimasta tana aiko da rahoto kullum. Mai ita bai ci tambaya ko ɗaya ba. Wasan ya yanke cewa ɗan shekara biyar ne, yana ta zagayawa da shi ƙananan tashoshi, daga mai rake zuwa tsohuwa mai kaji. Ta ce ko ta gyara masa matsayi? Na ce ta bar shi, akwai sauran tashoshin da bai je ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya ba Inna da mu haƙuri. Ranar da za a buɗe littafinsa, in an tarar da kuskure a ciki, Allah ya sa a ce masa kada ya ji tsoro, ya matso kusa.